Daga Adar zuwa Ajame: kwana goman farko na sabon ɗan ci-rani a Abijan

Da zarar an ɗaure damman gero an kai rumbu, ƙauyukan Adar sai su fara zubar da samari. Daga Keita, Buza, Illela da kewayen birnin Tawa, wasu su yi arewa zuwa Libiya da Aljeriya, wasu su gangara Legas. Amma tsohuwar hanya, wadda kakanni suka bi tun zamanin Turawa, ita ce ta kurmi, kuma a duk biranen kurmi babu sunan da ya kai Abijan nauyi a kunnen yaron ƙauye. Daga can yayansa ya zo da kuɗin aure. Daga can aka aiko da kuɗin kwanon da aka rufa ɗakin maƙwabta. Labarin da ba a cika kawowa gida ba shi ne na makon farko, lokacin da mutum bai san hanya ba, bai san harshe ba, kuma birnin bai ma san da zuwansa ba.

Don ganin wannan mako ne na shiga mota tare da masu tafiya. Wanda muka haɗa kujera da shi matashi ne ɗan shekara 19, daga wani ƙauye a Adar, wanda iyakar tafiyarsa a duniya Ƙonni ce. Ya amince in bi shi har masauki, in riƙa leƙa shi cikin kwana goman farko, da sharaɗin kada sunansa ko na ƙauyensu ya fita. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Ragon da mahaifiyarsa ta yi wata takwas tana kiwo aka sayar aka yi masa kuɗin mota, kuma ba ya son labarin wahala ya riga kuɗi isa gida.

A da, mota kan ratsa Burkina Faso ta Kancari, Fada, Wagadugu da Bobo, ta shiga Kwadibuwa ta arewa. Matsalar tsaro ta sa yanzu fasinjoji da yawa ke zagayawa ta bakin teku: Gaya, Malanbil, Paraku, Kotonu, Lome, Akra, sannan iyakar Elubo da Nowe. Tafiya ce ta kusan kilomita 2,000 da iyakoki huɗu. Lokacin da muka bi, gadar Gaya tana rufe kamar yadda take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, don haka a bakin kogi aka sauke mu da kayanmu, muka tsallaka cikin kwale-kwale, muka hau wata motar a ɗaya gaɓar. Daga nan kuma, kowace iyaka akwai taga, kowace taga akwai hannu. Mai katin ɗan ƙasa da katin allurar shawara ya biya kaɗan, marar su ya biya da yawa, amma ban ga wanda ya wuce kyauta ba. Abokin tafiyata ya baro gida da jika 35 ɗinke a cikin wando. Da muka taka ƙasar Kwadibuwa saura jika 9.

Wanda ya shigo ta Gana, kyakkyawar fuskar Abijan yake fara gani. Bayan Garan-Basam hanya takan bi gefen teku, ga itatuwan kwakwa jere, ga ruwan da ba a hangen ƙarshensa. Matashin ya manna goshi a gilashi ya yi shiru, can ya tambaye ni ko wannan ruwan ana shansa. Sai filin jirgin sama, sai titi mai hannu da yawa, sai gada a kan tafkin Ebriye, sai benayen Filato, unguwar bankuna da ma'aikatu, suna ƙyalli a hantsi. Ya fito da salula ya yi ta ɗauka.

Tsakanin Filato da Ajame, idan babu cunkoso, ba a minti goma.

Ajame

Ajame ita ce cikin Abijan, inda duk abin da birnin ya haɗiya yake bi. Nan manyan tashoshin mota suke, nan babbar kasuwa take, nan ake sayar da salula sabuwa da tsohuwa da wadda ba a tambayar asalinta. Ƙidayar 2021 ta ba birnin mutum fiye da miliyan 5 da rabi, unguwar Yopugon kaɗai ta haura miliyan ɗaya da rabi, Abobo ma ta wuce miliyan ɗaya. Babban kaso na waɗannan mutane sai sun ratsa Ajame safe da yamma. Abin da ya fara bugun matashin ƙara ce: ohon motoci, lasifikar masu tallar magani, da karnukan motocin da ake kira gbaka, ƙananan bas-bas da suka ga duniya, kowane rataye a ƙofa da hannu ɗaya yana kiran sunan unguwa kamar mai faɗa. Sai wari, na lambatu da soyayyen kifi da hayaƙin gazuwal a haɗe. Sai zafi mai ɗanshi wanda gumi ba ya bushewa a cikinsa, abin da ɗan Sahel bai saba da shi ba.

Ya sauko daga mota ya yi sallama ga mutumin farko da suka haɗa ido. Mutumin ya dube shi ya wuce. Kafin ya juya, wani ƙato ya sunkuci jakarsa ya ɗora a ka ya yi gaba. A ƙauye, wanda ya karɓi kayan baƙo girmama shi ya yi, shi ya sa yaron ya bi shi yana godiya. Taku talatin aka yi aka dire jakar, aka miƙo tafin hannu: dala 100. Ba a yi gardama mai tsawo ba, domin wasu biyu sun matso sun tsaya.

Darasin farko ke nan, kuma duk sauran daga gare shi suka fito. A Abijan ta talakawa kowane taku na ƙasa yana da mai shi, ko da babu takarda. Misali mafi bayyana su ne waɗanda ake kira nyambro. Idan gbaka ta tsaya ɗaukar fasinja, za ka ga saurayi ya matso, bai kira fasinja ba, bai ɗauki kaya ba, karen mota ya danƙa masa kuɗi, mota ta tashi. Su suna kiran kansu ƴan sandika. Mai karatu na Yamai ko Maraɗi zai ce ai ƴan kamasho ne, muna da su. Akwai bambanci. Ɗan kamashonmu yana cika maka mota ya karɓi ladansa. Nyambro kuɗin wuri yake karɓa, da ƙarfi yake riƙe da wurin, kuma rikici tsakanin ɓangarorinsu kan mallakar wata mahaɗa ya sha kaiwa ga adduna. Direbobin Abijan sun sha yajin aiki saboda su, hukuma ta sha kame, washegari kuma a tarar da wasu a gurbin.

Harshe ma shinge ne. Matashin ya yi lakwal shekara huɗu, yana iya gaisuwa da ƙirge da Faransanci. Amma Faransancin tasha a Abijan nushi ne, gaurayen Faransanci da Julanci da wasu harsunan ƙasar, wanda ko mai digiri daga Yamai sai ya kasa kunne sau biyu. A gbakar da ta kai mu masauki ya ba da dala 100, ana binsa canji. Da muka sauka karen mota ya nuna shi, ya nuna wata mata da bai taɓa gani ba, ya miƙa mata kuɗi guda, mota ta wuce. Haka ake yi a can idan babu canji: a haɗa fasinja biyu su je su raba. Ya bi matar nan a guje har bakin wani shago, yana tsammanin gudu za ta yi da kuɗinsa. Ta sayi ruwa, ta ƙirga masa nasa daidai, ta yi masa wata magana tana dariya. Bai ji ba, amma ita ce dariyar farko da aka yi masa a birnin.

Ɗaki ɗaya, mutum bakwai

Kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, ya shekara 22 a Abijan. A ƙauye ana lissafa shi cikin masu hali, shi ya gina wa mahaifiyarsu ɗakin siminti. Masaukinsa yana wata unguwa da ke rataye a jikin tudu a Atekube, inda ake sauka ta matakalar buhunan yashi da tsofaffin tayoyi. Gidajen na katako ne da kwano. Mutanen Abijan suna yi musu laƙabi da sikobuwa, ba'a ce da aka ƙera daga sunan wani kamfanin gina gidaje da kalmar katako a Faransanci. Ɗakin taku huɗu ne a uku, mutum bakwai ke kwana ciki, duk ƴan gari ɗaya. Ba sa cika haɗuwa lokaci guda. Biyu masu gadi ne, da rana suke barci a kan tabarmar da mai garba da mai kofi suka tashi daga kai da asuba. Makewayi na kuɗi ne, dala 10. Bokitin ruwan wanka shi ma na kuɗi ne.

Na ga fuskar yaron lokacin da ya gane nan ne gidan Kawu. Bai ce komai ba. Kawun ya gani shi ma.

"Ɗana, ɗakin da ka gani a gida, daga nan ya fito," in ji shi. "Da na kama mai kyau a nan, da babu wancan."

Lissafin nasa a fili yake. Dokar haya ta Kwadibuwa ta ƙayyade cewa mai gida ba zai karɓi fiye da kuɗin wata biyu na gaba da wata biyu na ajiya ba, sai kuma ladan dillali. Ko an bi dokar sau da ƙafa, kuɗin wata huɗu zuwa biyar ne a dunƙule kafin a ba ka makulli. Ɗan ci-ranin da zuciyarsa ke kan rumbun gida ba zai zuba wannan a ɗakin da barci kawai yake kai shi ba.

A daren farko kawun ya zaunar da shi ya karanta masa dokoki. Kada ya fito da salula a bakin titi ko kusa da tagar mota. Kada ya tsaya kallon faɗa. Kada ya ɗauki saƙon wanda bai sani ba. Idan ya ga masu shaguna suna jan ƙofa, kada ya tambayi dalili, ya shige duk inda ya samu. Idan an tare shi da wuƙa, ya ba da abin da ke hannunsa. Yaron yana ta "to, Kawu", idonsa na kan ƙofar katakon da aka tokare da dutse.

Dokar jan ƙofa saboda ƴan mikrob ce, kuma su ne abin da duk sabon zuwa ya riga ya ji labarinsu tun a mota. Gungun yara ne da matasa, wasu ba su kai shekara 15 ba, masu afka wa titi ko kasuwa da wuƙaƙe da adduna, su kwashe abin da suka samu cikin ƴan mintoci su watse. Sun ɓulla ne a Abobo bayan rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011, wanda ya ci rayuka kimanin 3,000, kuma Abobo na cikin inda aka fi gwabzawa. Yaran da suka tashi suna ganin gawa a titi, wasu suna yi wa mayaƙa aike, su ne aka wayi gari babu lakwal, babu sana'a. Daga baya abin ya bazu zuwa Atekube, Ajame da Yopugon. Hukuma ba ta son sunan, ta fi son a ce yara masu saɓa wa doka. Ta yi samame iri-iri, wanda aka fi sani shi ne na ƴan sanda mai suna Epervier, ta kuma buɗe cibiyoyin gyaran hali. Jama'ar unguwanni kuwa sun sha ɗaukar doka a hannu, kuma a irin wannan hukuncin ba a tambayar shekarun yaro. Ɗan Damagaram ba zai ji abin baƙo ba sosai. Wanda ya san ƴan pale na Kara-Kara, ko ya kalli fim ɗin da Aïcha Macky ta yi a kansu a 2021, ya san daga wace irin ƙasa wannan tsiro yake fitowa.

A kwana na huɗu, bayan magariba, matashin ya ɗanɗana. Yana dawowa daga aike sai ya ji ƙarar ƙofofin ƙarfe, mata suna kwasar tire, kowa na gudu. Ya bi dokar Kawu, ya faɗa wani shagon ɗinki ya ɓuya bayan keke. Bayan minti goma aka buɗe, kasuwa ta ci gaba kamar ba a yi ba. Wasu suka ce ƴan mikrob ne, wasu suka ce ɓarawon salula aka biyo. Shi dai bai ga kowa ba, takalmi ƙafa ɗaya ya rasa. A kwana goman da na yi ina zagaya Ajame, Atekube da Abobo ban ga an zare wuƙa ba. Mazauna sun ce abin ya lafa idan aka kwatanta da shekarun baya, amma tsoron bai lafa ba, kuma tsoron kaɗai ya isa ya rufe titi.

Garba da Aboki

Kawun mai garba ne. Wanda bai je Abijan ba zai ɗauka sunan mutum ne, kuma asalinsa hakan ne. Garba abinci ne: aceke, wato rogon da aka sarrafa aka turara ya yi kamar dambu, da soyayyen kifin teku da ake kira ton, da yankakken barkono, albasa da tumatir, a barbaɗa dunƙulen magi a zuba man suya. Aceke na mutanen kudancin Kwadibuwa ne, har UNESCO ta sa fasahar yin sa cikin kayan gadon duniya a Disambar 2024. Kifin daga tashar jiragen ruwan Abijan yake, ɗaya daga manyan tashoshin ton a Afirka. Amma haɗin biyun da sayar da shi a rumfa ƴan Nijar aka sani da shi, har abincin ya ɗauki sunan da ya yi yawa a cikinsu. Yau ɗalibi, lebura da ma'aikacin banki duk suna layi a gaban rumfar garba. Haka mai teburin kofi da burodi, Aboki ake kiransa ko daga ina ya fito. Ga masu nama, ga masu tura kura, ga masu gadi, ga masu yawo da agogo da tabarau a hannu.

A rumfar nan yaron ya fara aiki a kwana na uku: wanke kwanoni, yankan barkono, ɗebo ruwa, daga ƙarfe 5 na asuba zuwa la'asar. Ladansa jika ɗaya a yini da abinci. Mafi ƙarancin albashi a Kwadibuwa jika 75 ne a wata tun Janairun 2023, kuma wannan adadi ne ake yawan ambata a fadojin samari a gida. Na mai aiki da takarda ne. Yaron rumfa ba ya cikin lissafin.

Sunan Aboki yana da daɗi a bakin mai sayen kofi, amma yana nufin an san ka, an san inda teburinka yake. Mutanen ɗakin duk suna tuna 19 ga Mayun 2021. Wata mata ta yaɗa bidiyo a Facebook tana cewa ƴan Kwadibuwa ne ake azabtarwa a Nijar. Ƙarya ce, tsohon bidiyo ne da aka ɗauka a Najeriya. Kafin gaskiya ta fito, matasa sun afka wa ƴan Nijar a Abobo, Yopugon da wasu unguwanni, an raunata mutane, an farfasa tebura da shaguna. Hukumomi sun shiga tsakani da sauri, kotu ta ɗaure matar shekara 5. Kawun ya ce maƙwabcinsa ɗan ƙasa ne ya ɓoye shi a ɗakinsa har dare, kuma cikin waɗanda suka kifar da kaskonsa akwai yaran da yake ba garba bashi. Ya faɗi duka biyun da murya ɗaya, yana juya kifi.

Abin da ba a guje masa da gudu

Nyambro da ɗan mikrob da ɓarawon salula, duk cikin mako guda sabon zuwa yake koyon zama da su. Ya san titin da ba a bi bayan isha, ya san aljihun da ake sa kuɗi. A ganina ba su ne babbar barazana ga ɗan ci-rani a Abijan ta yau ba. Babbar barazanar tana zuwa da rana tsaka, da takarda a hannu da katafila a baya.

Abijan tana sake fuska. An buɗe gadar Alassane Ouattara tsakanin Kokodi da Filato a Agustan 2023, an buɗe wadda ta haɗa Yopugon da tsakiyar gari a farkon 2024, an karɓi gasar cin kofin Afirka a Janairu da Fabrairun shekarar, ana aikin jirgin ƙasa na cikin gari. Birnin da ke son a gan shi haka ba ya son ganin sikobuwa. Bayan naɗa Ibrahim Cissé Bacongo gwamnan gundumar Abijan a Disambar 2023, aka shiga rusau mai faɗi. An fitar da jerin wurare 176 da aka ce suna da haɗari. Boribana a Atekube ta tafi, Gesco a Yopugon ta tafi. A watan Yunin 2024, ana dab da babbar salla, aka tashi kasuwar dabbobi ta kusa da mahautar Por-Buwe, inda ƴan Sahel da yawa ke cin abinci, har aka yi arangama. A Afrilun 2024 kuma gundumar ta haramta talla a manyan tituna, da bara, da tura kura. Duk wanda ya san sana'o'in ƴan Nijar a Abijan ya san wa wannan ya fi shafa.

Hujjar hukuma ba ta banza ba ce. Duk damina, musamman Yuni, ruwa yana cin mutane a Abijan. A Yunin 2018 ambaliyar dare ɗaya ta kashe kimanin mutum 20, kuma a tudun Atekube ƙasa ta sha zaftarewa ta binne iyalai cikin barci. Na tsaya a ƙofar ɗakin kawun na dubi tudun da ke samansa, jar ƙasa tsirara da gidaje a kanta, ban ji daɗin abin da na gani ba. Matsalar ita ce ina mutum zai nufa bayan katafila ta wuce. Gwamnati ta yi alkawarin jika 250 ga kowane gida a wasu unguwannin da aka rusa. Ƙungiyar Amnesty International ta ce a Agustan 2024 dubban iyalai suna nan suna jiran tallafi, kuma an tashi da yawa ba tare da isasshen gargaɗi ba. Baƙon da ke kwana na bakwai a ɗakin da ba da sunansa aka kama ba, da wuya ma ya shiga jerin waɗanda za a ƙirga.

Ɗaya daga masu gadin ɗakin tsohon mai kura ne. Kura biyu gare shi a Ajame, yana ba wani yaro hayar ɗaya. An kwashe su rana guda. Yanzu yana zaune a ƙofar wani gida a Kokodi daga magariba zuwa safe, kuma a gida har yau ana ce masa mai kura.

Ga kuma batun takardu, wanda dattawan zango suka fi samari damuwa da shi, domin sun ga zamanin katin zama. A farkon shekarun 1990 Kwadibuwa ta ɗora wa baƙi wannan kati, ya zama hanyar tatsa a kowane shinge, sai a 2007 aka soke shi ga ƴan ƙasashen CEDEAO. Nijar ta fita daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga da zama har sai an sake sanarwa, kuma ƙasashen biyu suna nan tare cikin UEMOA, kuɗinsu ɗaya. A ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna kashi 22 cikin 100 na mazaunanta baƙi ne, kalmar "har sai an sake sanarwa" ba ƙaramar magana ba ce. Shawarar da kawun ya ba ɗansa ita ce kuɗin farko da zai tara, kafin riga, kafin takalmi, ya je ya yi katin ofishin jakadanci.

Ranar Lahadi ba a buɗe rumfa da wuri. Samarin ɗakin suka yi wanka, wanda ke da riga mai kyau ya ara wa wanda ba shi da ita, suka ɗauki sabon zuwa zuwa Filato. Ranar hutu unguwar fayau take, sai masu gadi. Suka tsaya gaban wani bene mai gilashi, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya jingina da motar da ba tasa ba. Abokin tafiyata ya ɗauki hoto tara, ya zaɓi biyu ya tura a WhatsApp na samarin ƙauyensu. Kafin mu kai tashar gbaka amsoshi sun fara shigowa, har wani ƙaninsa ɗan shekara 16 yana tambayar nawa ne kuɗin mota yanzu.

Na tambaye shi me ya sa bai tura hoton ɗakin ba.

"Haba Yaya," ya ce. "Inna za ta gani."

Ba shi ya fara ba. A 1958 Bafaranshe Jean Rouch ya fitar da fim mai suna Moi, un noir, a kan samarin Nijar da ke neman aikin yini a Tireshbil, suna hangen Filato daga tsallaken ruwa. Jigon fim ɗin wani matashi ne da ya dawo daga yaƙin Indocin, ya rasa aiki a gida, ya tafi dako a tashar jiragen ruwan Abijan. Sunansa Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama babban mai shirya fim, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972, kuma sunansa ne a kan cibiyar al'adu ta Yamai da samari ke zuwa kallon wasa. Samarin cikin fim ɗin sun laƙaba wa kansu sunayen taurarin Amurka da Faransa, suna cin ado ranar hutu, ranar Litinin su koma layin neman dako. Fiye da shekara 60 ke nan, an ƙara gadoji, layin bai gushe ba.

A kwana na goma na koma yi masa bankwana. Ya canja. Yana tsallaka titi ba ya jiran a kama masa hannu, ya iya cewa a ba shi canjinsa da nushi, barkono ya daina sa shi hawaye. Ya tara jika 6, ya ba Kawu ajiya. Niyyarsa ya yi wata shida ya koma kafin shuka, da kuɗin rago da ɗan abin da ya hau. Kawun da ya ji haka ya yi murmushi, ya ce shi ma da wata shida ya zo.

Muna tsaye a ƙofar ɗaki sai yaron ya nuna mini wasu haruffa biyu da aka rubuta da jan fenti a jikin katakon, A da D, irinsu kuma a kan duk gidajen layin har ƙasan kwari. Ya ce tun ranar da ya zo yake ganinsu, ya ɗauka sunan mai gidan ne. Kawun ya ce masa a'a, alamar rusau ce, ta Faransanci, ma'anarta a rushe. Damina biyu ke nan da aka shafa ta. Yaron ya tambaya yaushe za su zo. Kawun ya ɗauki bokitin kifi ya ce masa ya ɗauko buhun aceke, rana tana yi.